Wa Ya Ce Ta Yafe Masa?

A layinmu, in mace ta ce miki littafin nan bai yi ba, kada ki ɗauka Hausar marubuciyar ce ta gaza, ko zaren labarin ne ya tsinke. Galibi abin da take nufi shi ne muguwar cikin littafin ba ta ji jiki yadda ya kamata ba. An kwashe shafi ɗari uku tana gasa wa baiwar Allah aya a hannu, ta bi boka, ta zubar mata da ciki, ta shiga tsakaninta da miji, sannan a shafi biyun ƙarshe ta durƙusa ta matso ɗan hawaye, wai shi ke nan an yafe mata. Wa ya yafe? Mu dai da muka ƙarar da data da cajin waya har tsakar dare ba wanda ya tambaye mu.

Mu haka muke karatu. Ba ruwanmu da zancen salo ko jigo ko warwarar jigo, wannan sai 'yan sashen Hausa na jami'a. Mu zaman shari'a muke yi. Babbar kotu tana gidan mai kitso, akwai ta tsakar gida bayan la'asar, akwai ta gindin tukunya ranar suna, inda ake yanka albasa ana yanke hukunci. Sunayen mutanen cikin littafi ake kamawa kamar 'yan gidan baya ne, har baƙuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, a wane gida aka yi wannan?" a ce mata, "Kwantar da hankalinki Yaya, a waya ne."

Littafin da ya fi tayar da ƙura a 'yan makonnin nan ba zan kama sunansa ba, don marubuciyar tana da magoya baya masu zafin kai, amma kowa ta san irin labarin. Miji ya samu kuɗi, sai matar da suka sha gari tare ta tsufa a idonsa. Ya auro wata, ya kori uwargida da 'ya'ya huɗu. Ta koma gidansu, ta kama sana'ar turaren wuta da humra, Allah ya buɗa mata. Ga wani mutum mai hankali da matarsa ta rasu ya fito yana sonta tsakani da Allah, har yaran sun saba da shi. Shi kuwa tsohon mijin karayar arziki ta same shi, amaryar ta tattara abin da ya rage ta ƙara gaba. Sai ga shi a zaure da dattawa ana ba da haƙuri. Ta koma.

Ranar da aka saki shafin ƙarshe, mai kitsonmu sai da ta ja wa wata gashi don haushi. "Wallahi Anti, da na san nan za a ƙare, da ɗari biyar ɗin nan awara na saya wa yara. Mutumin da ya watsa mata kaya a titi? Shi kuma wancan bawan Allah laifin me ya yi aka bar shi da lefe a hannu?" Hajiya ta gidan kwana, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta fara aurar da jikoki, ta ce, "Ke dai yarinya ce. Agola huɗu za ta kwasa ta kai gidan wani? Ranar auren babbar wa zai ba da ita? Marubuciyar nan ta san duniya." Wata kuma ta ce ita ba komawar ce ta ƙona mata rai ba, saurin komawar ne. Da an bar shi ya shekara yana zarya, ya kwanta ciwo ya rasa mai miƙa masa ruwa, to a lokacin sai a duba lamarinsa.

Abin dariyar shi ne wannan shari'ar ta girmi mai kitson. Tun 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo, labarin Rabi mai 'ya'ya tara da mijinta Alhaji Abdu, wanda ya auro Delu ya kore ta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, 'yarta Saudatu ta yi dacen miji, gobara ta cinye wa Alhaji Abdu dukiya a kasuwa, aka taru a kan Rabi sai da ta koma. Iyayenmu mata sun yi musu a kan komawar nan har muryoyinsu suka dushe. An mayar da littafin fim, a 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi, wato yanzu har waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba suna da ra'ayi a kan Rabi. Ni dai a nawa karatun, Balaraba ba ta mayar da ita don ta ce haka ya dace ba. Nuna mana ta yi yadda ake yi wa mace taron dangi har ta ce to, kuma ta bar ɗacin a bakin mai karatu da gangan. Na yanzu kuwa sai a sa ta koma tana murmushi, a kai su Umara, a rufe da haihuwar tagwaye. Nan ne nake bin bayan mai kitso.

In kika tambayi kowaccenmu me ya sa take son littafi kaza, amsar a shirye take: "Akwai darasi a ciki, ya faɗakar, ya wa'azantar." Wannan maganar fita kunya ce, irin wadda ake faɗa in Malam yana kusa. Ban taɓa ganin wadda ta hana idonta barci don darasi ba. Abin da ke riƙe mu shi ne jiran ranar ramuwa: ranar da 'yar aikin da aka mara za ta fito daga mota, ranar da uwar miji za ta gane wa ke biya mata kuɗin asibiti, ranar da wanda ya ce ba ya auren 'yar ƙauye zai tsaya a ƙofar gidansu rana tana dukansa. Shi ya sa har gobe ake yabon Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna kallo. A zahiri mun san sau nawa azzalumi yake mutuwa a kan katifarsa mai laushi ba tare da ya ce wa kowa yi haƙuri ba. To in a littafin ma za a bar shi ya sha, me muka saya?

Sai kuma maganar gwarzon labari, wanda duk muke zagi kuma duk muke nema. Kullum shi ne dai: miskili, ba ya dariya, magana ɗaya sai ya yi minti biyar kafin ya ƙarasa, shekararsa talatin da biyu amma yana da kamfani a Dubai da asibiti a Abuja, wani lokacin kuma soja ne kuma likita ne a lokaci guda. Ita kuwa 'yar Fulani ce daga ruga, gashi har gadon baya, ba ta san kyanta ba. An ɗaura musu aure ba ya sonta, zai yi shafi ɗari biyu yana harararta, sai ta yi zazzaɓi ya rikice. Kowa a layin nan ta rantse ta gaji da wannan. Amma da wata marubuciya ta kawo malamin firamare mai tsohon babur, mai fara'a, mai taya matarsa wanke-wanke, sai na ji ana cewa labarin ba armashi. Matar mai shago ta faɗi gaskiyar da sauran suka ɓoye: "Haba Anti, talaucin da na baro a ɗaki shi zan kuma biya kuɗi in karanta?"

Da ba haka abin yake ba, kuma wannan canjin ya fi ba ni mamaki fiye da komai. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 ya zaga ko'ina, Muhammad talaka ne, Sumayya ce 'yar masu hali, mai kuɗin da ake son ba shi ita kuwa shi ne abin haushin mai karatu, har ta kai ta faɗa rijiya don kada a raba ta da wanda take so. In aka koma can baya, cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta haifar, Jiki Magayi ma a kan haka ya ginu: attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya tafi neman ramuwa. Wato a da kuɗi shi ne mugun labari. Yanzu kuɗi shi ne ango. Ba na ce marubuta ne suka lalace ba; ina ganin farashin shinkafa ne ya shiga cikin alƙalami. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ko a littafi ba mai son a haɗa ta da wanda zai ce a yi haƙuri yau ba cefane.

Su Hajiya kuwa kullum maganarsu littattafan da, littattafan da. Wai su ne masu tarbiyya, su ne masu kunya. A bakinsu za ki ji Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe na Anti Bilki Funtuwa, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid wanda ya fito tun 1980, da Budurwar Zuciya. Gaskiya ne an yi rubutu, ba mai ja. Abin da suke mantawa shi ne a ƙarƙashin katifa suka karanta su, ko a tsakiyar littafin makaranta, ƙani yana gadin ƙofa kada Baba ya shigo. A zamaninsu waɗannan ne littattafan da ake cewa suna lalata 'yan mata, suna koya musu bijire wa zaɓin iyaye, suna kwaikwayon fina-finan Indiya. Masana sun yi ta kai ruwa rana a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau ga shi waɗanda aka yi wa faɗa a kan karatun su ne ke yi wa jikoki faɗa, da kalmomin da aka yi musu amfani da su, ko wasali ba su canza ba.

Abu ɗaya da nake taya su kewa shi ne shagon haya. Ki ba da 'yan nairori ki karɓo na ɗaya, ki kwana ki cinye, ki aika yaro da safe ya dawo ya ce na biyun yana hannun wata a bayan masallaci, ba ta dawo da shi ba kwana uku. Bangon ya sha selotef, wata ta rubuta ra'ayinta da biro a gefen shafi, wata ta ba ta amsa a ƙasa. Mafi muni shi ne ki kai ƙarshe ki tarar an yage ganye biyun da ake warware komai.

Maza kuma, Allah ya ba mu haƙuri da su. A majalisar mai shayi in aka ɗauko zancen sai kowa ya ɗaure fuska, wai wannan karatun mata ne, su tun Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja ba su ƙara buɗe littafin hira ba. In an matsa, wani ya amsa cewa ya taɓa bin littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, inda sadauki ɗaya ke tarwatsa runduna, ko na Nazir Adam Salih. To amma tun da aka fara karanta littattafan nan a rediyo, yanzu kuma a YouTube, uwargida ta kunna tana ninke kaya, maigida yana kwance ya juya baya wai barci yake. Sai an kai inda mugu zai shiga ɗaki, ta kashe don ta duba tukunya, sai a ji murya daga bango: "Ke, ina kika kai shi? Bari mu ji ko za a kama munafukin." Akwai wani dattijo a layin nan da ya tare matarsa da tambaya tun kafin ya ajiye ledar cefane, wai shin yarinyar nan ta farfaɗo kuwa.

Zancen batsa kuwa ba wadda ba ta tsine masa, kuma da gaskiyarmu. Wasu littattafan waya ba sa karantuwa a gaban kowa, ga su a hannun 'yan shekara goma sha huɗu. A zamanin takarda akwai matakai: mai buga littafi zai gani, ɗan kasuwa zai gani, sunanki na gaskiya yana bango, wataƙila har da hotonki, kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i tana iya kiran ki. Yanzu suna ne na aro da lambar asusu, ba mai sanin ko 'yar maƙwabta ce. Sai dai wani abu yana ɗaure mini kai. Duk wadda ta zo tana Allah wadai da littafi kaza, in aka ce wane wuri ne ya ɓaci, tana iya faɗa miki shafin, da wanda ke gaba da shi, da na bayansa. Ba ta taɓa cewa ta ajiye a tsakiya.

Ni abin da ya fi gundura ta daban ne, jan labari. Kuma a nan laifin namu ne, mu masu karatu, ko da ba ma son ji. Yadda kasuwar take yanzu, marubuciya tana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kama ki sai a ce daga nan sai an biya, ki tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ki a zauren masu biya. Daga nan kullum sai ta kawo sabon shafi, in ta yi fashin kwana ɗaya a cika ta da ƙorafi, ko da ɗanta ne ba lafiya. Wadda ake tsaye a kanta haka yaushe za ta zauna ta tace? Dole ta cika da abin da ya samu: shafi guda ana kwatanta falo, wani ana jera abincin da aka girka da sunayen da ko mai girkin ba ta iya faɗa, wani ana shiga wanka ana fitowa ana shafa mai. Malamar Hausa da ke layinmu ta ce ita abin da ke kashe ta shi ne rubutun, ba ƙugiya a ƙ da ɗ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rabin jimla Turanci ne, Turancin ma a karye. Muka ce Malama ai mun gane abin da ake nufi. Ta ce shi ne matsalar.

Kuma ba a nan muka tsaya ba, har alƙalamin muke riƙe mata. In ta nufi kashe wani da muke so, a yi mata ca sai ta tashe shi, a ce ashe dogon suma ya yi. In ta so haɗa yarinya da wanda bai kwanta mana ba, a yi ta roƙo da barazanar ficewa har ta juya akalar. Rabin ƙarshen da muke zagi a gidan kitso mu muka roƙe shi da bakinmu, kawai dai ɓangaren su Hajiya ne suka fi yawa a zauren a wannan karon. Sannan ga wata tabargazar da ba ma so a tayar. A saman kusan kowane shafi marubuciya ta rubuta cewa duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar mata da littafi waje, ba ta yafe ba. Mu kuma ƙawa ta turo mana, mu sa babban yatsa mu ture wannan layin sama da sauri kamar ba mu gani ba, mu wuce inda za mu je mu yi wa kishiya hisabi a kan cin haƙƙin mutane.

Akwai 'yan tsiraru a cikinmu da suka fi son abin da ya fi nauyi. Su ne za su ce miki ki nemi Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, ko 'Yartsana na Ibrahim Sheme, ko su kawo zancen labaran Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016. Ana sauraronsu da ladabi. Hukuncin da aka fi yanke wa gajerun labaran shi ne suna da ma'ana amma ba sa ƙosarwa, kafin ki gyara zama an ce tamat, ba a ma kai ga biki ba.

Kwanan baya 'yar gidan liman da ke jami'a ta kawo ƙarar wani littafi na Turanci, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, dala dubu ɗari. Jin kuɗin ya sa kowa ta nutsu. Ta fara bayani: Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, mai jikoki, ta tsira daga rikicin Jos ta koma gefen Abuja da zama, sai ɗan daba mai shekara ashirin da 'yan kai ya hauro gidanta sata, daga nan wani abu ya shiga tsakaninsu. Tsakar gida ta yi tsit, sannan ta ɓarke. Wata ta ce wannan cin mutuncin iyaye mata ne. Wata ta ce a'a, ana yi, faɗa ne ba a yi, kuma da Alhaji ne mai 55 da yarinya 'yar ashirin da tuni muna tambayar kalar ankon. 'Yar gidan liman tana ta ƙoƙarin ta nuna musu cewa littafin a kan kaɗaici ne, da ɗan fari da Binta ta rasa ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, da yadda 'yan siyasa ke amfani da samari su yar. Ba mai jin ta.

Hajiya ta gidan kwana ce ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Ke 'yar nan, bar dogon Turanci. A ƙarshe asirinsu ya tonu ko bai tonu ba?"

"Ya tonu, Hajiya. Har rai aka rasa."

"To," in ji Hajiya, tana gyara mayafi, "ashe dai yaron ya iya rubutu."